Albashin Farko Na Sabuwar Nas: Magana Ga Ƙannenmu Da Iyayenmu

Muna godiya ga kwamitin wannan littafi na shekara domin filin da suka ba mu. Mu da muka haɗa kai muka rubuta wannan, tsofaffin ɗaliban makarantar nan ne, maza da mata, waɗanda muka shiga aikin jinya bayan mun bar nan. Waɗansunmu sun yi shekaru cikin aiki, waɗansu kuwa ba su daɗe da karɓar lasisi ba. Akwai masu aiki a asibitin gwamnati, akwai na asibitin mishan, akwai na asibitin kuɗi, akwai kuma waɗanda suka ƙetare teku.

Duk lokacin da muka zo ziyara, 'yan aji shida sukan tambaye mu darussan da ake bukata, da yadda jarrabawa take. Amma akwai tambaya ɗaya da ba a yi a gaban malamai. Sai an rako mu bakin ƙofa, sa'an nan wani ya rage murya ya ce, "Yaya, nawa ake biya?" Mun ga ya kamata mu amsa a fili. An rene mu da jin cewa maganar kuɗi ba ta dace da mai aikin tausayi ba. Mu kuwa abin da muka gani shi ne, albashin farko ne yake nuna ko sabuwar nas za ta zauna ta yi jinyar mutanenta, ko kuwa za ta tattara kayanta ta tafi. Saboda haka maganar ba ta nas kaɗai ba ce. Ta shafi duk wanda wata rana za a kwantar da shi a gadon asibiti, wato dukanmu.

KAFIN A KAI GA ALBASHI

Ku ƙannenmu, hanyar tana da tsawo. Da fari sai kun ci darussa biyar da kyau a jarrabawar fita: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai makarantar jinya, wadda a zamanin manyanmu shekara uku ce. Da yawa cikin makarantun nan an mayar da su kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma, karatun kuwa ya zama shekara huɗu. Akwai kuma jami'a, inda digirin jinya yake cin shekara biyar. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe wannan sashe a 1965.

Ko ta wace hanya aka bi, ba wanda doka ta yarda a kira shi nas sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, an kuma sa sunansa a rajista. Mai digiri yakan ƙara shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sa'an nan ya tafi bautar ƙasa. Alawus ɗin bautar ƙasa naira 33,000 ne daga 2020, aka mayar da shi naira 77,000 a 2025.

Duk shekarun nan ana kashe kuɗi ne. Ga kuɗin makaranta, ga farin kaya da takalmi, ga littattafai, ga abinci, ga kuɗin mota zuwa asibitocin da ake tura mu koyon aiki. Mun san gidajen da aka fasa rumbu tun kafin damina domin a biya kuɗin jarrabawa. Mun san uwayen da suka sayar da awaki, suka shiga adashi biyu a lokaci ɗaya. Ranar da aka ce yarinya ta gama, ana murna, ana dafa shinkafa. Amma a lissafin gida, ranar nan ce bashi ya isa biya.

ƘOFA HUƊU, ALBASHI HUƊU

Ga amsar tambayarku. Albashin sabuwar nas ba ɗaya ba ne. Mutum biyu za su zauna benci ɗaya, su ci jarrabawa rana ɗaya, amma abin da ɗaya take karɓa ya ninka na ɗayar sau uku. Ƙofar da aka shiga ita ce take raba su.

Ƙofa ta farko ita ce asibitin gwamnatin tarayya, wato asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyin lafiya na tarayya. Nan ana biya bisa ga tsarin albashi da ake kira CONHESS, wanda aka fito da shi a 2009 domin ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba. Likitoci suna da nasu dabam. Tsarin yana da matakai 15, kowane mataki kuma da 'yan hawa-hawa a cikinsa. Mai digiri yakan fara a mataki na sama da mai takardar makarantar jinya. Ban da ainihin albashi, akwai alawus na aikin karɓa-karɓa da na haɗari. In an haɗa duka, a 2025 sabuwar nas a nan tana karɓar abin da ya haura naira 100,000 a wata, amma da wuya ya kai naira 300,000. Wannan ita ce ƙofar da kowa yake nema, ita ce kuma mafi ƙunci, gama ba kowace shekara ake ɗaukar ma'aikata ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta jiha da ƙaramar hukuma. Tsarin tarayya bai zama dole a kan jihohi ba. Wata jiha tana biyansa duka, wata tana biyan wani kashi daga cikinsa. Asibitocin ƙauye, inda nas ɗaya take zama likita da ungozoma da mai ba da magani, galibi su ne a ƙarshen layi. Akwai cikinmu waɗanda suka yi fiye da shekara suna aikin sa kai a irin waɗannan wurare, ba sisi, da begen cewa in an zo ɗaukar ma'aikata za a tuna da su.

Ƙofa ta uku ita ce asibitin mishan. Za mu dawo kan wannan a gaba, domin namu ne.

Ƙofa ta huɗu ita ce ƙananan asibitocin kuɗi, inda mafi yawanmu muka fara. Nan ba tsari, sai abin da mai asibiti ya faɗa. A watan Yuli 2024 aka sa hannu a dokar da ta ce mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan asibitoci da yawa kuwa ba su kai ba. Shi ya sa za ku ji an yi wa nas mai lasisi tayin abin da bai kai albashin masinja a ofishin gwamnati ba. In ta yi gardama, a ce mata akwai masu jira a waje. Masu jiran nan sau da yawa yara ne da aka koya wa allura da ɗaura ruwa a cikin asibitin, ba makaranta, ba lasisi, an ɗinka musu farin kaya. Majinyaci ba ya iya bambanta su da mu. Sai ranar da ciwo ya rikice ake gane bambancin.

ABIN DA KE TAKARDA DA ABIN DA KE HANNU

Ranar da aka ba mu takardar kama aiki, lambar da muka gani a kai ta yi mana daɗi. Ba mu san cewa lambar nan ba ita take shiga banki ba. A aikin tarayya ana cire kashi 8 cikin 100 domin fansho, bisa ga dokar 2014. Ana cire haraji, da kuɗin asusun gidaje, da kuɗin ƙungiya. Abin da ya rage shi ne naka.

Har wa yau, watan farko ba lallai ne a biya ba. Sai an shigar da sunan sabon ma'aikaci a kwamfuta, wannan kuwa yakan ci watanni. Akwai cikinmu da suka yi wata huɗu, wata biyar suna zuwa aiki da bashin kuɗin mota. A daidai lokacin nan ne ake bukatar kuɗin hayar ɗaki, wanda ake biya na shekara gaba ɗaya, da katifa, da risho, da farin kaya akalla biyu domin in an wanke ɗaya a sa ɗaya. Waɗansunmu da kuɗinmu muka sayi abin auna zafin jiki da na auna hawan jini, domin na ɗakin marasa lafiya ya lalace. Ga kuma kuɗin sabunta lasisi da yake zagayowa.

Sa'an nan ga tsadar rayuwa. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙara kashi 25 cikin 100 a mafi yawan matakan albashin ma'aikatan lafiya. Amma a ranar 29 ga Mayu na shekarar nan aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. A cikin 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100, ta abinci kuwa ta taɓa kashi 40. A shekarar nan buhun shinkafa ya fi mafi ƙarancin albashi tsada. Malaman Lissafi za su iya ba 'yan aji huɗu wannan aikin gida: a 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, dala kuwa kusan naira 360, wato ya haura dala 80. A 2024 ya zama naira 70,000, dala ta wuce naira 1,500, wato bai kai dala 50 ba. Lamba ta hau, abin da take saya ya sauka.

Nas ba ta iya cewa yau ba ta da kuɗin mota, za ta zauna gida. Akwai wadda ta kwana a asibiti tana jira a karɓe ta. Dole a hau keke ko acaɓa da asuba, a kuma dawo da dare.

IDANU DA YAWA A KAN TUKUNYA ƊAYA

A al'adarmu albashin farko ba na mai shi ba ne. Ana saya wa Mama turmin atamfa, a ɗinka wa Baba riga, a kai wa kakanni sukari da sabulu, a kai baikon godiya. Wannan abu ne mai kyau, mun yi shi da farin ciki. Wahalar tana zuwa ne daga wata na biyu.

Da zarar an ji cewa "'yarmu ta zama sista", sai a ɗauka ta yi arziki. Kuɗin makarantar ƙanne ya koma kanta. Taki in damina ta zo, kanta. Duk wanda ya yi ciwo a ƙauye, ɗakinta za a sauke shi, ita za ta sayi kati, ta sayi magani, ta ciyar da masu jinya. Ba ta iya cewa a'a, gama ta san abin da aka sayar domin ta yi karatu. Kafin ashirin ga wata albashi ya ƙare. Sai ta nemi aiki na biyu. Ta tashi daga aikin dare a wannan asibiti, ta wanke fuska, ta wuce wancan ta yi na safe. Mun yi wannan, mun san yadda ido yake nauyi da ƙarfe uku na dare. Nas da ba ta yi barci ba ita ce za ta lissafa yawan maganin da za a sa wa jariri. Ku iyayenmu, ku yi tunani a kan wannan.

KUƊIN HAƊARI

Akwai wani alawus da muke so ku san tarihinsa. A watan Janairu 1969, wata nas ta mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, wanda yake cikin Jihar Borno a yau. Aka kawo ta asibitin mishan a Jos, ta rasu. Nas da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka, ta rayu. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos da ciwon nan. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa, wanda har yanzu yakan tashi kowane rani, yakan kuma taɓa ma'aikatan asibiti.

A 2014, da cutar Ebola ta shigo Legas, cikin waɗanda suka yi jinyar mutumin da ya kawo ta akwai wata matashiyar nas, Justina Ejelonu. Ba ta daɗe da kama aiki a asibitin ba. Ta kamu, ta rasu, kamar yadda likita Stella Adadevoh ta rasu. Sabuwar ma'aikaciya ce, amma ciwo bai tambayi matakin albashinta ba.

To, shekara da shekaru, har cikin annobar korona ta 2020, ainihin kuɗin haɗari na ma'aikacin lafiya a aikin tarayya naira 5,000 ne a wata. Sai a ƙarshen 2021 aka amince da ƙara shi. A ƙananan asibitocin kuɗi kuwa da yawa ba su san da wannan alawus ba sam. Sabuwar nas ita ce ta fi kusa da gado. Ita take sa allura, ta wanke gyambo, ta kwashe amai, ta share jini. Haɗarinta na babba ne tun ranar farko, albashinta kuwa na ƙarami.

HANYAR INGILA

Yanzu za ku gane dalilin da ya sa hira a ɗakin hutun nas-nas ba ta wuce maganar jarrabawar Turanci da fasfo. A Ingila, albashin sabuwar nas a asibitin gwamnati fam 31,049 ne a shekara, bisa ga tsarin 2025. In an raba shi wata goma sha biyu, aka canja a kan farashin 2025, kusan naira 2,000 kowane fam, ya haura naira miliyan biyar a wata. Wace ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta motsa ba?

A watan Fabrairu 2024, magatakardan hukumarmu na lokacin, Faruk Abubakar, ya faɗa a fili cewa nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. A rajistar nas-nas ta Ingila, bayan Indiya da Filifin sai Nijeriya. A watan nan ne hukumar ta fito da sanarwa cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardunta domin fita. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Abin da suke faɗa shi ne, ruwa ba ya tsami banza. In ana so a tsare mutum a gida, a duba abin da yake korarsa.

Amma 'yan'uwanmu da suke can sun ce mu gaya muku, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin a tafi akwai jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki, kowace da kuɗinta, ba kuwa kowa yake ci a karo na farko ba. In an isa, bayan an cire haraji da inshora da fansho, abin da yake zuwa hannu kusan fam 2,000 ne. Hayar ɗaki takan kwashe babban rabo, ga kuɗin ɗumama ɗaki lokacin sanyi, ga kewar gida. Nas-nas 'yan ƙasar su ma suna kuka. A ranar 15 ga Disamba 2022 babbar ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki na ƙasa, irin wanda ba ta taɓa yi ba cikin shekara 106 da kafa ta, a kan maganar albashi.

Ba mu ce kada kowa ya tafi ba. Kofoworola Pratt ta yi karatun jinya a asibitin St Thomas na Landan, ta yi aiki a can, ta dawo gida a 1954, a 1964 kuma ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci nas-nas a asibitin koyarwa na Ibadan. Fita ba laifi ba ne. Abin baƙin ciki shi ne fitar dole. Duk wadda ta tafi, gadajen da take lura da su ba su bi ta ba. An raba su ne ga waɗanda suka rage, galibi sababbi. Shi ya sa za ku tarar da yarinyar da ta gama bara ita kaɗai da dare a ɗakin marasa lafiya cike, ba babba da za ta tambaya.

KIRA DA LADA

Sau da yawa in mun ɗaga maganar albashi, akan ce mana, "Aikinku kira ne, ladanku yana sama." Mun yarda kira ne. Ba wanda zai jure warin gyambo da kukan mai naƙuda shekara da shekaru saboda kuɗi kaɗai. Amma mai gidan haya ba ya karɓar kira, mai keke ma haka. Ko makarantar jinya da Florence Nightingale ta buɗe a Landan a 1860, tana ba ɗalibanta abinci da wurin kwana da ɗan kuɗi, gama an san mai yunwa ba ya lura da wani.

A ranar 30 ga Yuli 2025 nas-nas na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, suka janye a ranar 2 ga Agusta bayan sun zauna da gwamnati. Cikin abin da suka nema akwai gyaran alawus na aikin karɓa-karɓa da na farin kaya, da tsarin albashi nasu na kansu, da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Yajin aiki ba ya yi wa nas daɗi. Mun san fuskokin waɗanda muke bari a kan gado. Amma tun a watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa kai wa nan ba. Daga tukunyar da ba a cika ba ake ɗibar albashinmu.

Yanzu ga maganar asibitocin mishan. Asibitoci irin su Vom, wanda aka kafa a 1922, da Wusasa, da Garkida, suna cikin wuraren da aka fara koya wa 'ya'yan Arewa aikin jinya. Da yawa cikinmu a asibitin mishan aka haife mu. Mun san halin da irin waɗannan asibitoci suke ciki. Taimakon da yake zuwa daga ƙasashen waje ya ragu, yanzu da kuɗin majinyata ake biyan ma'aikata, majinyatan kuwa talakawa ne, waɗansu ma a bar su su tafi da bashi. Ba mugunta ba ce take sa albashi ya yi ƙasa. Amma sakamakon ɗaya ne: sabuwar nas ta zo, ta ƙware cikin shekara biyu, gwamnati ta buɗe ƙofa, ta tafi. Asibiti ya koma koyar da wata sabuwa.

Muna roƙon dattawanmu da suke zama a kwamitocin asibiti, ku dubi matakin ƙasa kafin na sama. In ba za a iya kamo albashin gwamnati ba, akwai abin da za a iya. A biya a kan lokaci. A ba sabuwar nas ɗaki a cikin harabar asibiti, wannan kaɗai ya ɗauke mata haya da kuɗin mota. A ba ta abinci in tana aikin dare. A rubuta mata takarda, ta san lokacin da za a yi mata ƙari. A tura ta ƙarin karatu in ta yi shekarun da aka yi alkawari. Mun san 'yan'uwanmu da suka ƙi aikin da ya fi kuɗi, suka zauna, domin an riƙe su da mutunci. In ikilisiya tana iya tara kuɗin rufin ɗakin sujada cikin wata uku, tana iya tara na gidan nas-nas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

SHAWARARMU

Ku ƙannenmu masu son sa farin kaya, kada abin da muka faɗa ya karya muku zuciya. Aiki ne mai daraja. Ranar da jaririn da aka fid da rai a kansa ya yi kukan farko a hannunka, ko tsohuwar da aka kawo a kwance ta fita da ƙafafunta tana sa maka albarka, ba albashin da ya kai wannan. Amma ku shiga da ido a buɗe. Ga abin da muke so ku riƙe.

Na ɗaya, ku tabbata makarantar da za ku shiga hukuma ta amince da ita. Akwai masu karɓar kuɗin iyaye shekara uku, a ƙarshe ba lasisi. Wanda ba shi da lasisi, duk abin da aka ba shi sai ya karɓa.

Na biyu, matambayi ba ya ɓata. Kafin ku sa hannu a takardar aiki, ku tambaya cikin ladabi: nawa ne zai shigo hannu bayan an cire komai? Awa nawa ne a mako? Ana biyan aikin dare? Akwai hutu? In na kamu da ciwo a bakin aiki, wa zai biya magani? Tambayar nan ba rashin kunya ba ce.

Na uku, ku zauna da iyayenku tun watan farko, ku nuna musu takardar albashi. Ku faɗi abin da za ku iya kawowa kowane wata, ku tsaya a kai. Gaskiyar da aka faɗa da wuri ta fi ɓacin ran da zai zo daga baya.

Na huɗu, kada ku tsaya a takarda ɗaya. Wadda ta ƙara ungozoma, ko aikin tiyata, ko na ido, ko na yara, ko ta je ta yi digiri, matakinta yana hawa. Ku kuma ajiye wani abu, ko kaɗan ne, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku malamanmu, muna roƙo in kuna ba ɗalibai shawarar zaɓen sana'a, ku haɗa da maganar albashi. Ku iyayenmu, ku ba sabuwar nas shekara ɗaya ta tsaya da ƙafafunta kafin a ɗora mata kaya. In kuma kun je asibiti kun tarar da nas ɗaya tana gudu tsakanin gadaje, ku yi mata haƙuri, ku gaishe ta. Wataƙila ba ta ga albashinta na farko ba tukuna.

Muna yi wa 'yan aji shida fatan nasara a jarrabawa. Waɗanda za su biyo sawunmu, muna jiranku, gama aikin yana da yawa. Allah ya taimake mu duka.